Me ya sa silin POP ke tsagewa?

Malam, ka ce silin POP (wato silin da ake yi da kwaɓin farin garin filasta) na falonka ya fara tsagewa bayan damina ɗaya, kana tambayar ko laifin kayan ne. Yawanci ba daga garin POP ɗin ba ne, daga aikin ne.

Fara leƙa saman rufin. In kwano na yoyo ko kaɗan ne, POP zai sha ruwa ya yi tabo rawaya, sannan ya saki. Kada ka yi faci kafin a toshe yoyon.

Amma abin da ya fi jawo tsagewa shi ne katakon da aka rataye silin a kai. In kafinta ya sa ɗanyen katako, da iskar hunturu ta buge shi sai ya bushe ya lanƙwashe, ya ja POP ɗin da shi. Haka ma in an ba da tazara mai yawa. Kada ta wuce santimita 60 tsakanin katako da katako. Wasu ma'aikata kuma kan rage zaren da ake cusawa a mahaɗar alluna, ko su ƙara ruwa a kwaɓin da ya fara daskarewa. Wannan kwaɓin ya mutu, ba zai riƙe komai ba.

Fanka kuwa a ɗaure ƙugiyarta a katakon rufi, ba a jikin silin ba, domin girgizarta kaɗai tana buɗe mahaɗa.

Wajen gyara, a faɗaɗa tsagar kaɗan, a jiƙa ta, a cusa zare da sabon kwaɓi, a bari ya bushe sarai kafin fenti.