Shekaruna 72: in ƙara sayen amfilifaya ko in haƙura haka?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗan fansho ne, shekaruna 72. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata na zamanin Gowon, na sayi garmaho na Technics da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti) ta Kenwood, tun daga nan ban daina canje-canje ba. Kwanan nan waƙoƙina sun daina yi mini garau kamar da, kukuma ma kamar an lulluɓe ta da bargo. Wani mai shago ya ce amfilifayar ce ta gaji, ya nuna mini sabuwa da za ta cinye fanshon wata huɗu. Uwargida ta ce a kai kasuwa. Ina mafita?
Mai karatu, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara lafiya. Kafin ka koma shagon nan, ka fara zuwa asibiti ɓangaren kunne, hanci da maƙogwaro a gwada jinka. Wani lokacin daskararriyar dauɗa ce kawai, a wanke a wuce wurin. In ba ita ba ce, to mai yiwuwa shekaru ne.

Kunnen yaro lafiyayye yana kama sauti daga hertz 20 (mafi kauri) har zuwa 20,000 (mafi siriri); hertz shi ne yawan girgizar sauti a daƙiƙa ɗaya. A can cikin kunne akwai wasu ƙwayoyi masu ƙananan gasu da ke mayar da girgizar sauti saƙo zuwa ƙwaƙwalwa, kuma waɗanda ke kula da siririn sauti su ne ke fara lalacewa. In sun tafi ba sa dawowa. Shi ya sa kaurin ganga yana nan yadda ka san shi, amma zaƙin kukuma da kacau-kacau sun dushe, kuma "s" da "f" suke ɓace maka in jikoki suna surutu. Wani ɓangare na abin da ake tallata sababbin na'urori da shi yana can wajen siririn sautin nan ne, inda kunnen ɗan shekara 70 ba ya kaiwa. Faifan CD na 1982 ma ya riga ya kai iyakar jin ɗan Adam. Saboda haka ina bayan Hajiya, kuma ba don tsumulmula ba.

Amma ban ce ka naɗe tabarma ba, don tsofaffin kaya su ma suna da tasu cutar. Cire rigar lasifika ka duba soson da ya zagaye bakinta: in ka taɓa ya marmashe a yatsa, ya ruɓe, kuma ana canza shi. Kafasitocin cikin amfilifaya, wato ƙananan sassan da ke riƙe wuta, suna bushewa da shekaru, balle a zafin Zariya. Ƙwararren mai gyaran rediyo zai sauya su da kuɗi kaɗan. Allurar garmaho ma tana cinyewa, kuma cinyayyar allura faifai take ci.

Sai ɗaki. Janye lasifikokin daga jikin bango, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune, ka matso da kujera kusa. Shimfiɗa darduma mai kauri a kan tayil, ka sa labule. Ka ɗan murɗa maɓallin treble, mai ƙara siririn sauti, sama ba tare da jin kunyar kowa ba, don haka aka yi shi.

Abin da nake roƙonka da babbar murya: kada ka riƙa ƙure sauti don cike gurbin abin da ya ragu. Ƙarar da ta kai desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara) tana lahani in an daɗe ana sha, kuma ragowar jin nan shi muke tattali. In likita ya ce na'urar taimakon ji, to can ya kamata kuɗin nan ya tafi. Ka rubuto mana sakamakon gwajin.