Tambayoyin Masu Karatu: Me Za Mu Ɗauka Don Kwanan Daji Na Farko?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Malam. Ni da abokaina biyu mun shirya fita yawon buɗe ido, inda za mu kwana biyu a daji cikin tanti, kuma babu wanda ya taɓa yin irin wannan tafiya a cikinmu. Kuɗinmu ba su taka kara sun karya ba, kayan da ake tallatawa kuwa ba su da iyaka. Waɗanne ne suka zama dole?

AMSA: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Yawancin sababbin shiga suna zuba kuɗinsu a kan tanti, su manta da abin da za su kwanta a kai, alhali sanyin da ke hana barci a daji daga ƙasa yake tasowa. Ƙasa tana zuƙe ɗumin jiki, kuma bargon da nauyin mutum ya danne ba ya iya tare ta, domin iskar da ke maƙale a cikin zarensa ita ce mai riƙe ɗumi, dannewa kuwa tana korar ta. Saboda haka kowannenku ya fara da 'yar katifar soso mai tauri wadda ake naɗewa, sannan ya nemi jakar barci, wato bargon da aka ɗinka kamar buhu ana shiga ciki a kwanta. Masu kyau daga cikinsu suna ɗauke da lambobin sanyi bisa ƙa'idar ISO 23537, wato ma'aunin duniya na gwada ɗumin jakunkunan barci; ku dogara da lambar barci cikin jin daɗi, domin mafi ƙanƙantar lambar tana nufin tsira da rai ne kawai. Idan kan tsauni kuka nufa, ku tuna cewa zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5 na ma'aunin Celsius a kowane hawan mita 1,000.

Tanti kuwa, a ganina, aro ya fi saye a karon farko. Ku uku ne, to ku nemi na mutum huɗu, domin masu ƙera shi ba sa lissafa jakunkuna. Ya kasance mai rufi biyu da ragar sauro, kuma lambar juriyar ruwansa, wadda ke nuna yadda yadinsa ke hana ruwan sama shiga, kada ta gaza milimita 1,500. Ku kafa shi sau ɗaya a gida ku ƙirga turaku da igiyoyi, don kada duhu ya riske ku kuna neman wanda ya ɓace. A can kuma ku nisanci bakin ruwa da kamar mita 60, kuma kada laushin yashi ya ja ku zuwa busasshen rafi, domin ruwan da aka yi a nesa yana iya cika shi cikin dare.

Akwai abin da nake roƙonku da babbar murya: kada ku shigar da risho, gas ko gawayi mai wuta cikin tanti, ko da ruwa ake tsugawa. Suna fitar da iskar kabon monoksayid, wadda ba ta da launi ko wari, tana kuma kashe mai barci ba tare da ya farka ba. Garwashin da ya fara hucewa ma bai daina fitar da ita ba.

Ruwan sha ya fi komai nauyi, shi ya sa ake yawan rage shi. Ku tanadi lita 3 zuwa 4 ga kowane mutum a yini, ban da na girki, kuma duk wanda kuka ɗebo a rafi ku bar shi yana tafasa minti 1 cikakke, ko minti 3 a tudun da ya haura mita 2,000.

Sauran ƙanana ne: tocila mai ɗaurawa a goshi da ƙarin batir, ashana a cikin leda, wuƙa, usur, tukunya ɗaya, maganin sauro, da akwatin agajin gaggawa mai bandeji, filasta da magungunan da kowa ya saba sha. Rigar auduga tana riƙe gumi ta sanyaya jiki, don haka ta ulu ko ta roba-roba ta fi dacewa, kuma a ware safa busasshiya don barci. Sabon takalmi ya zauna a gida, domin bororo yake jawowa.

Wayar hannu tana iya rasa sabis ko caji, saboda haka ku riƙe taswirar takarda, kuma kafin ku tashi ku sanar da wani na gida wurin da za ku sauka, da ranar da ya kamata ya fara cigiya idan bai gan ku ba.