Amsar tambayarki kan wankan jego da kunun kanwa

Wa alaikumus salam 'yata. Naga saƙonki tun daren jiya amma ban amsa ba saboda maganar bata gajarta ba, nace bari sai nayi asuba na zauna na rubuto miki a tsanake. Kince cikinki ya shiga wata takwas, Hajiyar mijinki har ta sa an sayo itace da tukunyar wanka da kanwa, ita kuma likitar da kike zuwa awo wajenta tace kar ki yarda da ruwan zafi irin na da kuma kar ki kusanci kunun kanwa, ke kuma kin rasa na wa zaki ɗauka, shine kike tambayata ni da nayi jego a gargajiyance kuma nayi shekaru ina aikin jinya a ɗakin masu haihuwa. To Allah Ya raba lafiya, ki karanta har ƙarshe dan Allah kar ki tsallake.

Na farko dai kar ki sa a ranki cewa Hajiya cutar dake take so tayi. Iyayenmu abinda suke gudu shine sanyi, a wajensu mai jego ɗanyen jiki gareta, ƙofofin jikinta a buɗe suke, in sanyi ya shiga shikenan ta gamu da ciwon baya da ciwon ƙafa har tsufa. Shi yasa aka tsara kwana arba'in ɗinnan, wanka safe da yamma da tafasasshen ruwa ana tsoma ganyen darbejiya ko runhu ana fyaɗawa a jiki, ga gasasshen nama da yaji, ga ƙauri, ga kunu, a wasu gidajen har da gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashi ta kwanta ta gasu. Ni haihuwata ta fari gida aka kaini, kakarki Allah Ya jiƙanta ita take tashi tun kafin kiran sallah ta hura wuta, har yau in naji ƙanshin darbejiya a ruwan zafi ita nake tunawa. Kwana arba'in ban ɗora tukunya ba, ban yi daka ba, ban ɗebo ruwa ba, aka ciyar dani aka riƙe min yaro nayi barci. Wannan gata ne wallahi, kuma nasan matan wasu ƙasashen zasu so su samu irinsa. Ni bana goyon bayan masu cewa a watsar da jego gaba ɗaya wai ƙauyanci ne.

Amma fa akwai abinda idona ya gani wanda bazan ɓoye miki ba. Wata damina aka kawo mana wata yarinya bata fi shekara sha tara ba, kwananta wajen talatin da haihuwa, mutum biyu suka riƙo ta. Ƙafafunta sun kumbura sunyi suntum, in ka danna da yatsa sai wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba, tana haki kamar wadda tayi gudu, muka ce ta kwanta tace bata iyawa, ashe ta fi sati a zaune take kwana an jera mata matasai a baya, da ta kishingiɗa sai tari ya sarƙe ta. Da muka ɗaga rigarta duk bayanta tabon ƙuna ne. Uwarta tana gefe tana cewa mu da muke murna jego ya karɓe ta tayi ƙiba. Ba ƙiba bace, ruwa ne ya taru a jikinta da huhunta saboda zuciyarta ta gaza. Allah Ya sa tana da sauran kwana ta tashi, amma na ga waɗanda basu tashi ba.

Bari na miki bayanin yadda abin yake kamar yadda aka koya mana da abinda nake ci gaba da karantawa, dan kinsan ni ko da nayi ritaya ban daina bibiya ba. Ita zuciya tsoka ce, nama ne kamar na dantse, bambancin kawai ita bata hutu, tana bugawa wajen sau dubu ɗari a rana ɗaya. A cikin kowace ƙwayar halitta ta wannan tsokar akwai wasu zarurruka sirara iri biyu jere da juna, da siginar lantarki ya iso sai sinadarin kalsiyam ya kwararo ciki, ɗaya zaren ya kama ɗayan ya ja kamar yadda ake jan igiyar guga hannu bayan hannu, shine tsokar take matsewa ta tura jini, sai kalsiyam ɗin ya koma ma'ajiyarsa ta saki. Tun 1954 masana a Ingila da Amurka suka gano wannan jan zaren. Kuma Allah Ya yi ta da hikima, in jini ya ƙaru ya cika ta sai ta ƙara miƙewa ta ƙara ƙarfin bugu, kamar danƙon harbi da in ka ƙara ja yake ƙara nisa. Sai dai kinsan danƙo, yana da iyaka, in aka yi ta ja fiye da kima sai ya saki yayi laƙwas.

To mace mai ciki jinin jikinta yana ƙaruwa da kusan rabi kafin ta haihu, wato zuciyarki yanzu haka da kike karanta wannan aikin mutum ɗaya da rabi takeyi. Bayan haihuwa kuma ba nan take take samun sauƙi ba, mahaifa tana tsukewa ta maido da jinin da ke wajenta, ruwan da ya taru a ƙafafu ya dawo cikin jijiyoyi, sai a hankali ƙoda ta fitar dashi ta fitsari cikin makonni. A daidai wannan lokacin ne muke zuwa da kanwa. Kanwa ko ja ce ko fara ko ungurnu, gishirin ƙasa ce cike da sodiyam, shi kuma sodiyam duk inda yaje ruwa na biye dashi, ƙoda sai ta riƙe ruwan da ya kamata ta zubar. Sannan mu ƙara da zafi, shi zafi buɗe jijiyoyin fata yakeyi jini ya kwararo waje dan jiki ya huce, dole zuciya ta ƙara sauri. Kinga an haɗa mata kaya biyu a lokacin da ta fi gajiya.

Ba a nesa aka fara lura da wannan ba, a Zariya ne. Wasu likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, suka bi mata 224 da suka zo da gazawar zuciya bayan haihuwa, suka wallafa a 1978, suka nuna ciwon yafi yawa a matan Hausawa kuma yafi tasowa lokacin zafi da damina, suka danganta shi da gashi da kanwa. A lokacin lissafin ya kai kusan mace ɗaya cikin ɗari da suka haihu, wanda a Turai sai an haɗa dubbai kafin a samu ɗaya. Tun daga nan duk littafin likitanci in ana maganar wannan ciwon sai an ambaci Zariya, kuma daga nan likitarki ta samo abinda ta faɗa miki.

Sai dai gaskiya ɗaya ce, binciken baya-bayan nan ya nuna maganar tafi haka zurfi, kuma wannan nake so ki riƙe dan kar kije ki ɗora wa tsofaffi laifin duka. Farfesa Kamilu Ƙaraye na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa sun tattara mata sama da 400 masu wannan ciwon daga asibitoci daban daban a Najeriya, suka fitar da sakamako a 2020, abinda ya fi fitowa fili a matsayin haɗari shine rama da rashin abinci mai kyau, da talauci da rashin karatu, da hawan jinin ciki wanda ke kaiwa ga jijjiga. Wankan da kunun su kaɗai basu raba masu ciwon da marasa shi ba a wannan binciken. Sun kuma ga ƙarancin wani sinadari da ake kira seleniyam a jinin da yawa daga cikin masu ciwon a Kano, abinda aka riga aka gani a Yamai ta Nijar tun 1992. Shi seleniyam ɗan kaɗan jiki ke buƙata amma yana cikin masu kare ƙwayoyin halitta daga lalacewa, ana samunsa a kifi da ƙwai da nama da hanta.

Akwai kuma na cikin ƙwayar halittar kanta. A Jamus a 2007 wata mai bincike a garin Hanoba ta nuna cewa sinadarin da ke kawo ruwan nono, furolaktin, in zuciya na cikin wahala wani abu yana datse shi gida biyu, guntun da ya fita sai ya zama guba ga ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da tsokar zuciya. Daga nan aka fara gwada maganin da ke tsayar da furolaktin ɗin a Afirka ta Kudu da Jamus, amma shi yana ƙafar da nono ne gaba ɗaya, dan haka ba abin da mutum zai je kemis ya saya bane, likitan zuciya ne kaɗai zai yanke. Kuma kar wannan ya tsorata ki da shayarwa, ki shayar da ɗanki, mai lafiya ba ruwanta da wannan. Sannan a 2016 aka duba mata 172 masu ciwon aka tarar kusan 15 cikin ɗari suna da tawaya ta gado, galibi a wani dogon zare mai suna taitin wanda shine kamar danƙon da ke maido da tsokar zuciya mazauninta bayan ta miƙe. Wato wata tun daga haihuwarta zuciyarta na da rauni a ɓoye, ciki ne yake tono shi. Wannan shine amsar abinda Hajiya zata ce miki, nasan zata ce mu munyi goma bamu mutu ba. Gaskiyarta, ita tata zuciyar ta ɗauka. Amma ba mai iya duban fuskar mace ya san tata zata ɗauka, kuma mace mai rauni a ɓoye in aka loda mata gishiri da wuta ai an tura ta ne inda da ƙila bata kai ba. Ni a nan na tsaya, bance wanka ne ke haifar da ciwon ba, amma bazan bari a ƙara wa zuciyarki kaya ba.

Wani abu kuma da ya burgeni, kinsan yadda ake ce wa mai jego daure, in kika yi ihu ace raguwa ce. To a 2021 aka ba wani Ba'amurke David Julius kyautar Nobel tare da wani masani, shi abinda ya gano wata 'yar ƙofa ce a bakin jijiyoyin fata wadda take buɗewa in zafi ya haura kamar digiri 43 ta aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ciwo, kuma ita ce dai barkono yake buɗewa shi yasa yaji yake mana kamar wuta a baki. Daga wajen wannan ma'aunin ne nama yake fara lalacewa in aka daɗe. Kinga raɗaɗin da mai jego take ji ba ragwanci bane, mai gadin da Allah Ya sa mata ne yake ƙwanƙwasa ƙofa.

To ga abinda nake so kiyi. Kiyi jegonki cikakke, ki huta kwana arba'in ɗinki, ki bari a miki hidima. Kiyi wanka safe da yamma da ruwa mai ɗumi sosai wanda zaki iya tsoma gwiwar hannunki ki barshi a ciki ba tare da kin zabura ba, a sa darbejiyar ba komai, amma banda tafasasshe banda gadon wuta, in kuma aiki aka miki ko ɗinki to sai yadda likita tace. Kunu ki sha ki ƙoshi, na gyaɗa na tsamiya na alkama, dama yawan ba yaro ne ke kawo nono, kanwar dai a cire, a kuma rage gishiri da dunƙule a farfesu. Kici ƙwai da kifi da hanta da zogale. A auna jininki kafin a sallame ki sannan a sake aunawa cikin satin farko, dan hawan jini yakan taso bayan haihuwa ma, musamman ke da kika ce ya ɗan hau a awon da ya wuce.

Kuma ki gaya wa mijinki waɗannan ya haddace dan shi zai ganki da dare. In kin fara haki daga ɗaki zuwa banɗaki, ko kin kasa kwanciya sai a zaune, ko tari na tashinki cikin dare, ko kumburin ƙafa yana ƙaruwa maimakon raguwa, ko ƙirji na dukan uku uku, to ba a jira arba'in, ba a cewa sanyi ne ya shiga a ƙara wuta, asibiti za'a tafi ranar ace a yi hoton zuciya. Har wata biyar bayan haihuwa yana iya tasowa.

Maganar Hajiya kuma kar ki tunkare ta da likita tace likita tace, zata ji kamar an raina ta ne a gaban ɗanta. Ki bar min wannan, ranar juma'a in Allah Ya kaimu zan shigo na gaishe ta, mu tsofaffi mun san yadda muke maganarmu, zan bata labarin yarinyar nan ta damina. Itacen da ta saya ba zai yi asara ba dashi za'a ɗumama ruwan a dafa ƙauri. Ki ajiye min katin awonki in nazo ina so naga abinda aka rubuta na jininki, ki gaida maigidan.