Wane turare ya dace da bazara?

'Yar'uwa kin ce oud ɗinki da kike ji da shi lokacin sanyi yanzu da bazara ta shigo sai hawa miki kai yake, kina tambayar wanne za ki saya. Ba lalacewa ya yi ba, zafi ne ke sa ƙamshi ya tashi da ƙarfi lokaci ɗaya, ga gumi, sai ki ji kamar an kulle ki a ɗaki da kaskon turaren wuta. Ki ajiye shi da humrar nan mai kauri sai dare, ko in damina ta sauka.

Da rana ki nemi mai ƙamshin lemun tsami ko fure mara nauyi, ki duba jikin kwalba in an rubuta eau de toilette to shi ne, man cikinsa bai kai na eau de parfum ba shi ya sa baya damun mutane, amma fa baya daɗewa, da azahar sai kin ƙara fesawa. Irin su Light Blue na Dolce & Gabbana ko CK One, sai dai jabu ya cika kasuwa wallahi. Kar ki biya don kin sunsuna murfi, ki fesa a wuyan hannu ki ɗan zagaya tukun ki ji yadda ya zauna a jikinki. Kuma kar ki bar kwalba cikin mota, rana na kashe turare.