Tambayi Likita: Ɗana Ya Ce In Raba Kayansa

Wasiƙun wannan mako sun zo ne daga masu wani nasu a gidan gyaran hali, da masu shiga can da aikin Ubangiji.

Tambaya: Likita, wata huɗu ke nan ɗana yana zaman jiran shari'a. Da na kai masa abinci makon jiya na tarar ya rame, ko ido ba ya ɗagawa. Ya ce in raba wa ƙannensa kayansa, wai na kusa hutawa da wahalarsa. Daga wata uwa a Kafanchan.

Amsa: Mama, sannu da wannan nauyi. Ba zan ɓoye miki ba, maganar raba kaya ta fi ramar tayar mini da hankali, domin sau da yawa haka mai niyyar kashe kansa yake yin sallama. Kada ki jira ranar ziyara. Ki je gobe ki nemi ma'aikacin lafiyar gidan ko jami'in walwala, ki maimaita musu kalmomin yaron yadda ya faɗe su. Ki roƙi kada a bar shi shi kaɗai a ɗaki, kuma a haɗa shi da likitan ƙwaƙwalwa. Lauyansa ya sanar da kotu a rubuce.

In kin gan shi, ki tambaye shi kai tsaye: "Kana tunanin kashe kanka?" Iyaye suna tsoron wannan tambaya, suna ganin za ta cusa masa abin da babu. Ba ta cusawa. Yawanci sauƙi take kawowa, don ya sami mai jin abin da ya daɗe yana haɗiyewa. Masu jiran shari'a, waɗanda su ne mafi yawa a gidajen yarin Najeriya, suna cikin waɗanda haɗarin ya fi yi wa yawa, saboda kunya da rashin sanin ranar fita. Idan ciwon damuwa ne, yana da magani, sai dai yakan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninsa, don haka sa ido bai ƙare ba ranar da aka fara ba shi.

Tambaya: Ina wa'azi a gidan yari kowace Lahadi. Wani ɗan'uwa ya faɗa mini ya taɓa yunƙurin halaka kansa, ya sa na yi alkawarin ba zan gaya wa kowa ba. Na ba shi azumin kwana uku, na tuna masa cewa zunubi ne. Na yi daidai? Daga wani fasto a Jos.

Amsa: Baba Fasto, da ya zaɓe ka ya buɗe maka cikinsa, alama ce aikinka yana da albarka. Amma zan roƙe ka ka gyara abu biyu.

Alkawarin nan ba mai riƙuwa ba ne. Wanda ya taɓa yunƙuri ya fi kowa haɗarin maimaitawa. Ka koma wurinsa ka ce ransa ya fi maka sirrin, kuma tare za ku je wurin ma'aikacin lafiya. Na san abin da yake tsoro. Sashe na 231 na kundin dokokin hukunta laifuka, wato Penal Code, da aka daɗe ana aiki da shi a Arewa ya mai da yunƙurin kashe kai laifi mai ɗaurin da zai iya kai shekara guda. A ganina dokar nan tana sa marasa lafiya yin shiru ne kawai. Ghana ta soke irinta a 2023, mu ma ya kamata. Shi ya sa na ce ku fara da ma'aikacin lafiya, ka kuma tsaya masa a matsayin mai ciwo.

Sai azumin. Mutumin da ba ya ci, ba ya barci, yana ganin kansa mafi lalacewar halitta, in aka ƙara masa yunwa da tsoron hukunci, ramin ake zurfafa masa. Ka fi ni sanin labarin Iliya, da ya zauna a ƙarƙashin itace ya roƙi mutuwa. Abin da aka fara ba shi abinci ne da ruwa da barci, magana ta zo daga baya. Haka mai tsaron kurkukun Filibi, da ya zare takobi zai kashe kansa don yana zaton fursunoni sun gudu, Bulus ya ɗaga murya ya hana shi, ya shaida masa duk suna nan. Abin da ɗan'uwan nan yake bukatar ji ke nan daga bakinka. Ku yi addu'a tare, ka nemo masa amintattu biyu a ɗakinsu da za su riƙa lura da shi da dare, kuma in ka ce za ka dawo Lahadi, ka dawo.

Tambaya: Zumuntar matanmu tana kula da wani fursuna mai jin muryoyi. Tun da aka fara masa magani wuyansa ya sandare, yawu na dalala. Wasu sun ce a daina, a yi masa addu'ar korar aljanu. Ya kusa fita. Daga wata 'yar'uwa a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, sandarewa da dalalar yawu sananniyar illa ce ta magunguna irin su haloperidol. Likita zai iya rage yawan maganin, ya canja shi, ko ya ƙara wani da ke kwance jijiyoyin. Ku kai rahoto da wuri, amma kada a yanke maganin, muryoyin za su dawo. Addu'arku ba ta hana shi shan magani.

Fitar tasa ce ta fi bukatar shiri, domin makonnin farko bayan saki lokaci ne mai haɗari. Tun yanzu ku nemi takardar da ke nuna sunan maganinsa da adadinsa, ku san inda zai kwana, ku kuma shirya wanda zai raka shi asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna cikin makon farko.