Bin ƙananan gasannin tseren keke da auna halin mahaya

Ɗan'uwa, tambayarka ta ƙunshi abu biyu: ta ina mutum zai riƙa bin ƙananan gasannin tseren keke na ƙwararru daga nan Legas, tunda gidajen kallo na Agege da Obalende ba su san komai ba sai ƙwallo, sannan ko gaskiya ne cewa a irin waɗannan gasanni mahaya suna yin abin da suka ga dama domin babu mai sa musu ido.

Ta farkon ba ta da wuya. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta jera gasanni mataki-mataki: WorldTour a sama, sai ProSeries, sai na nahiyoyi. Idan ka ga lambar 1.1 a gefen sunan gasa, tseren yini ɗaya ne, 2.1 kuma na kwanaki ne, zango bayan zango. Shawarata ka fara da na Afirka, wato Tour du Rwanda da aka saba yi a watan Fabrairu, da Tour du Faso ta Burkina Faso da aka fara tun 1987. Sakamako yana fitowa a shafukan intanet na ProCyclingStats da FirstCycling, masu shirya gasa kuma sukan sa bidiyo a Facebook ko YouTube, sai dai ka tuna agogon Kigali ya riga namu da awa ɗaya. Kada ka raina su. A gasar Tropicale Amissa Bongo ta Gabon Biniam Girmay, mahayi ɗan ƙasar Eritrea, ya ci zango a 2019 yana ɗan shekara 18, kuma mu da muka gan shi a lokacin ba mu yi mamakin koriyar rigar da ya ɗauka, wato ta wanda ya fi tara maki, a Tour de France ta 2024 ba.

Ta biyun ce nake so in daɗe a kai, domin ban yarda da wannan zargi ba. Dokar UCI ɗaya ce a babbar gasa da ƙarama, kuma kowace tana da alƙalanta. Tun Afrilun 2021 aka hana mahayi zama a kan ƙarfen keke yana gangara, aka kuma hana yar da gorar ruwa ko shara sai a wuraren da aka ware. Abin da ya bambanta shi ne matsin da yaran suke ciki. Mahayin ƙaramar ƙungiya albashinsa kaɗan ne, wani ma babu, kuma ya san nasara ɗaya tana iya samo masa kwantiragi a Turai, saboda haka zai cusa kansa a ratar da babban mahayi zai ƙyale.

Amma duba inda mafi munin abin ya faru. A Tour de Pologne ta 2020, gasar WorldTour, Dylan Groenewegen ya bar layinsa a gudun ƙarshe ya matse Fabio Jakobsen jikin shinge, Jakobsen ya yi mummunan rauni, aka dakatar da Groenewegen wata 9. Ya cancanci hukunci, sai dai layin ƙarshen a gangara yake, shingen kuma bai riƙe ba, wannan kuwa ba laifin mahayi ba ne. Haka a Étoile de Bessèges ta Faransa a 2025, motocin jama'a ne suka shigo hanyar tsere har ƙungiyoyi da dama suka janye. Duk wanda ya taɓa tuƙa keke da asubar Asabar a gadar Lekki zuwa Ikoyi ya san abin da mota ɗaya za ta iya yi wa ayari. A ƙananan gasanni ƙarancin kuɗin shiri ya fi ba ni tsoro a kan halin mahaya.

Akwai dai wayon da za ka riƙa gani. Mahayi ya koma baya wajen motar ƙungiyarsa karɓar ruwa, koci ya miƙo gora ta taga, shi ya riƙe, koci bai saki ba, mota kuma ta ƙara wuta tana jansa. Daƙiƙa ɗaya ko biyu alƙalai sukan kau da kai, idan ta wuce haka sai tara, wani lokaci ma kora. Vincenzo Nibali na Italiya da duk sunansa an kore shi daga Vuelta, babbar gasar Sifen, ta 2015 saboda riƙe mota. Jiran jagoran gasa idan tayarsa ta yi faci kuwa ba a rubuce yake ba, kara ce kawai, kuma ba na ganin laifin yaron da bai jira ba alhali abincinsa na baɗi yana kan wannan zango.

Don Allah kada ka yanke wa mahayi hukunci da guntun bidiyon da aka turo maka a WhatsApp. Bayan kowane zango alƙalai suna fitar da takardar hukunci mai ɗauke da suna da laifi da tarar da aka ci, yawanci tare da sakamakon ranar. Ka nemi hoton da aka ɗauka daga sama idan akwai, ka duba ko mahayin ya sauya layi, sannan ka karanta takardar.