Kwana nawa ya kamata in yi a Imlil in zan hau Dutsen Toubkal?

Ɗan'uwa, ka ce kwana huɗu ka ware, kana so ka iso Imlil, ƙauyen da ke gindin Dutsen Toubkal a ƙasar Maroko, da safe daga birnin Marrakesh ka zarce dutse a ranar. Ni dai ba zan ba ka wannan shawarar ba.

Ƙauyen yana kan tudun kusan mita 1,800, ƙololuwar Toubkal kuwa mita 4,167. Iskar can sama ba ta ƙosar da huhu, sai jiki ya saba a hankali. Mai gaggawa, ciwon kai da tashin zuciya ne ke tare shi a masaukin da ke wajen mita 3,200, ga tuwon dare a gabansa amma ko loma ya kasa kaiwa baki.

Ka fara kwana ɗaya a Imlil. Da rana ka taka zuwa ƙauyen Aroumd da ke kusa ka dawo, ka kuma daidaita da ɗan jagora, don yanzu ba a barin baƙo ya hau shi kaɗai. Hawa da saukowa kwana biyu ne.

Na huɗun ka bar wa gwiwoyinka, saukowar ce ke cin mutum. Ka miƙe ƙafa a kan soro da shayin na'ana'a, kana kallon alfadarai suna wucewa da kayan masu hawa.